Koyon Faɗa da Takobin Baraden Turai: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Shekara shida ke nan, duk yammacin Talata da Alhamis, nake rataya wata doguwar jaka in nufi zauren motsa jiki na wata makarantar firamare a kudancin Jamus. A cikin jakar akwai takobi marar kaifi, da hular ƙarfe mai raga, da riga mai kauri kamar bargo. Tun ranar da na sa hotona da kayan nan a Facebook tambayoyi ba su yanke ba. Wasu daga 'yan uwa suke a gida, masu fargabar ko na shiga wata muguwar hanya, wasu kuma daga samarin da abin ya ba su sha'awa. Ga waɗanda aka fi maimaita mini, da amsoshinsu.

Wai mene ne wannan abin da kuke yi?

Masu yinsa suna ce masa HEMA. Haruffan farko ne na sunansa da Turanci, ma'anarsa kuwa dabarun faɗan Turawan da. Abin da muke yi shi ne mu ɗauko littattafan da gwanayen takobi suka rubuta tun daga wajen shekarar 1300, mu karanta, mu gwada abin da suka faɗa da jikinmu, sannan mu sa kayan kariya mu kara da juna, mu ga ko fahimtarmu ta yi daidai. Rabinsa karatu ne, rabinsa gumi.

Ya sha bamban da wasan takobin da ake gani a gasar Olamfik, mai siririn ƙarfe da wayar lantarki. Wancan jikan wannan ne, amma ya daɗe da komawa wasan tara maki. Kuma ba wasan kwaikwayo muke yi ba, babu wanda aka tsara masa lokacin da zai faɗi.

Mutanen nan sun mutu shekaru aru-aru. To wa ya koya muku?

Babu wanda ya gaji wannan ilimi daga bakin malami. Silsilar ta yanke. Bindiga ta zo, salon yaƙi ya canza, dogon takobi ya zama kayan ado a bango, sai littattafai kawai suka saura a ɗakunan ajiya.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne wanda ake kira I.33, lambar da aka ba shi ce a ma'ajiyar makamai ta masarautar Ingila, yana birnin Leeds yanzu. An rubuta shi da Latin a ƙasar Jamus wajen shekarar 1300. Zane ne na wani limamin coci yana koya wa ɗalibinsa faɗa da takobi da 'yar ƙaramar garkuwa wadda ba ta wuce faifai ba.

Sai Johannes Liechtenauer, wanda mu masu bin tafarkin Jamus muke ɗauka a matsayin shehin fannin. Shi bai bar littafi mai bayani ba. Baitoci ya tsara, gajeru, ya kuma dunƙule su da gangan don kada kowa ya gane. Almajiransa da almajiran almajiransa, irin su Sigmund Ringeck da Peter von Danzig, su suka zo suka yi wa baitocin sharhi. Ranar da na fara gane tsarin nan sai na tuna zauren malaminmu a gida, inda ake haddace Alfiyyar Ibn Malik baiti-baiti, malam yana warware kowane baiti da sharhi. Tsarin ɗaya ne: matani a ka, sharhi a bakin malam. Rubutu mafi tsufa da ke ɗauke da baitocinsa yana Nuremberg, ana danganta shi da shekarar 1389.

A Italiya kuma akwai Fiore dei Liberi, wanda ya rubuta littafinsa Fior di Battaglia, wato furen yaƙi, wajen 1409, ya sadaukar da shi ga Niccolò d'Este mai mulkin Ferrara. Kwafi huɗu ne aka sani sun tsira. Ɗaya yana gidan tarihin Getty a Los Angeles, ɗaya a ɗakin karatun Morgan a New York, ɗaya a Faris, ɗaya a hannun wani gida a Italiya. Bayansu akwai Hans Talhoffer mai littafin 1467, da Joachim Meyer wanda ya buga nasa da injin ɗab'i a Strasbourg a 1570.

Akwai wani mutum da nake yawan tunawa, Paulus Hector Mair, ma'aikacin hukumar birnin Augsburg. Son littattafan takobi ya kama shi har ya riƙa ɗibar kuɗin baitulmali yana saye, yana kuma biyan masu zane su yi masa manyan kundaye. Asirinsa ya tonu, aka rataye shi a 1579. Laifi ya yi, babu musu. Amma littattafai da dama da muke karantawa yau ta hannunsa suka tsira.

A ƙarshen ƙarni na 19 wasu Turawan Ingila, Alfred Hutton da Egerton Castle, suka yi ƙoƙarin farfaɗo da abin a Landan, bai yi nisa ba. Sai a shekarun 1990, da intanet ta haɗa masu sha'awa, aka shiga ɗaukar hotunan rubuce-rubucen ana fassarawa. Yanzu akwai shafin Wiktenauer inda aka tara su, kowa na iya karantawa kyauta.

Ta yaya za a koyi faɗa daga takarda?

Da wahala, kuma da yawan kuskure. Zane yana nuna maka tsayuwa ɗaya ne, bai nuna maka yadda aka zo wurin ko inda aka nufa daga nan. Marubucin ma yana ɗauka ka riga ka san abubuwan da kowane yaro ya sani a zamaninsa, don haka ba ya faɗarsu. Misali, littattafan sun yi ƙarancin bayani a kan takun ƙafa, alhali a kansa komai ya ɗoru.

Mun taɓa shafe wata guda a kan baiti ɗaya mai magana a kan saran da ake kira Krumphau, wato karkataccen sara. Kowa da fassararsa. Wani ya ce hannun abokin karo ake nufa, wani ya ce ruwan takobinsa. Muka buga shafin a takarda muka manna a bango, mu gwada a hankali, mu koma mu duba, mu sake. Sai da muka sa huluna muka gwada da gudu sannan wasu fassarorin suka rushe da kansu, domin duk wanda ya bi su sai ya sha sara a ka kafin ya gama juya hannu. Haka ake tace fahimta. Abin da ake koyarwa yau a kan wasu dabaru ba shi ake koyarwa shekara goma baya ba, kuma ni ina ganin wannan alamar lafiya ce. Duk malamin da ya ce maka ya gama sanin abin da Liechtenauer yake nufi, ka yi hattara da shi.

Takobin ba ya da nauyi sosai?

A'a. Wannan ita ce ƙaryar da fina-finai suka fi dasawa a zukatan mutane. Dogon takobi mai hannu biyu yawanci kilo ɗaya da rabi ne, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, tsawonsa kuma wajen santimita 120. Na hannu ɗaya bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Dunƙulen ƙarfen da ke ƙarshen mariƙin yana jawo nauyin zuwa kusa da hannu, shi ya sa yake juyawa cikin sauƙi. Duk baƙon da na miƙa wa takobina, kalmarsa ta farko ita ce, "Ashe haka yake sakayau?"

Da masu kaifi kuke saran juna?

Haba, ina! Takobin atisaye ana ce masa Feder. Ƙarfe ne na gaske, tsawonsa da nauyinsa kamar na yaƙi, amma bakinsa dakusasshe ne, an naɗe tsininsa ko an faɗaɗa shi, kuma yana lanƙwasa idan ka soki mutum. Ba sabuwar ƙirƙira ba ce, a zanen littafin Meyer ma irinsa ake gani a hannun masu atisaye. Sababbin shiga kan fara da na roba mai tauri ko na katako.

Mai kaifi yana da ranarsa daban. Ana jiƙa tabarma a naɗe ta a kafa a kan turke, ko a jera gorunan ruwa, mutum ɗaya ya shiga fili, kowa ya ja baya. A nan ake gane ko saranka sara ne. Idan bakin takobin ya ɗan karkace ko da kaɗan, gorar sai ta yi tsalle ta bar ka, ba ta yanku ba. Idan ya tafi daidai kuwa, ko ƙarfi ba ka sa ba za ka ga saman gorar ya zame, gindinta na tsaye cike da ruwa.

Me ake koya wa mutum a farkon zuwansa?

Tafiya. Mutane da yawa sun zo da zumuɗin sara, sai suka tarar makonnin farko duk taku ne: gaba, baya, gefe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a tsakiya. Sai sanin tazara, wato daga ina zan iya kai maka, daga ina za ka iya kai mini. Wanda ya taɓa dambe ko kokawa a gida yana saurin kama wannan.

Bayan haka sai tsayuwa huɗu na tafarkin Jamus. Akwai Vom Tag, takobi a sama ko a kafaɗa, a shirye don saukar da sara. Akwai Ochs, wato sa, domin tsinin yana fitowa daga gefen kai kamar ƙaho. Akwai Pflug, wato garma, mariƙi a ƙugu tsini na kallon fuskar abokin karo, kamar mai huɗa. Sai Alber, wato wawa, tsini a ƙasa, kai a buɗe, kamar wanda bai san abin da yake yi ba, alhali tarko ne. Sannan sara biyar na gwanaye, waɗanda kowannensu yake kare ka yana kuma kai hari a motsi ɗaya.

Amma abin da ya riƙe ni a wannan fanni wani ne daban, shi ne abin da littattafan suke kira Fühlen, wato ji. Wata rana malaminmu, dattijo ne marar yawan magana, ya ce in ɗora takobina a kan nasa in rufe ido. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ya ce, "Faɗa mini, ina turawa ne ko na saki?" Da farko ban ji komai ba sai sanyin mariƙi. Can sai na fara jin nauyinsa yana zuwa ta cikin ruwan takobin har wuyan hannuna, kamar yadda mai fatsa yake jin kifi ta igiya. Ya ɗan matsa, na ji. Ya sassauta, na ji. Ƙa'idar ita ce, idan ya turo da ƙarfi kada ka yi ja-in-ja da shi, ka ba shi hanya ya wuce ka zagayo ta ɗaya gefen. Idan ya yi laushi, ka danna ka shige da tsini. Duk wannan a cikin ƙiftawar ido ake yanke shi, kuma ido ba ya riskarsa, sai hannu. Shekara shida ina nema, har yau ranar da na same shi sau biyu ko uku a dare ɗaya da farin ciki nake komawa gida.

Ba a jin ciwo?

Ana ji. Kumburi da taruwar jini a damtse da cinya abin yau da kullum ne. Mummunan rauni bai cika faruwa ba a ƙungiyar da take da tsari, amma yatsu suna cikin haɗari kullum, haka ma kai idan ana sara da ƙarfin da ya wuce kima.

Ni kaina na karya ɗan yatsa a shekarata ta farko. Na ga safar hannu ta gaske ta yi tsada, sai na sayi wata mai araha ta intanet wadda aka yi don wani wasa daban. Sara ɗaya ya sauka a kan ƙaramin yatsana na dama, na ji ƙas, kafin in cire safar ya kumbura ya yi baƙi. Mako shida ban riƙe takobi ba, rubutu ma da ƙyar. Abin da ya fi damuna shi ne halin da na jefa abokin karona, yaro ne mai hankali, ya yi ta ba ni haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Araha ba ta ado, a wannan fanni kuwa har ƙashi take karyawa.

Kayan da ba a karawa da ƙarfe sai da su: hula mai raga da abin rufe ƙeya, abin kare maƙogwaro, riga mai kauri, safar hannu mai sulɓi da tauri, abin kare gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙwauri, da abin kare mazakuta ga maza ko ƙirji ga mata. A jikin hula za ka ga an rubuta 350N ko 1600N. Lambar tana nuna irin sukan da ƙyallen da ya sauko kan wuya zai iya jurewa. Don ƙarfe, ka nemi mai 1600.

Duk da haka, babban abin kariya shi ne halin wanda kake karawa da shi. Kana miƙa masa kanka ne amana. Mai zafin zuciya, wanda in an taɓa shi sai ya rama da ƙarfi, ba ya daɗewa a cikinmu.

Nawa ake kashewa?

Farko kusan ba komai, domin yawancin ƙungiyoyi suna ara wa sabo takobi da hula. Ka zo da wandon motsa jiki da takalmi marar tudu. Daga baya ne aljihu yake ji. Feder mai kyau yana kaiwa Yuro 200 zuwa 300, safar hannu ma kusan haka, in aka haɗa komai da komai ana haura Yuro 1,000. Maƙeran da aka fi saye a wurinsu suna Hungary da Poland da Czech, kuma sau da yawa sai ka jira watanni. Shawarata, hula da safar hannu tukuna, takobi daga baya.

Kada ka kuskura ka sayi takobin ado irin na ratayewa a falo ka ce za ka yi atisaye da shi. Ƙarfensa mai ƙyalli ne amma gautsi gare shi, kuma abin da ya shiga cikin mariƙin siriri ne kamar wutsiyar ɓera. Kana kaɗa shi ruwan zai iya ficewa ya tafi kamar mashi.

Takobi kaɗai ake koya?

A'a. Fiore da kokawa ya fara littafinsa, sannan wuƙa, sannan takobi, da mashi, da gatari mai dogon ƙota, har faɗa a kan doki. A ganinsa kokawa ce tushe, kuma duk wanda ya kara ya san gaskiyarsa, domin da zarar an matso kusa sai ka ga an koma kama hannu da taɗiya. Akwai masu koyon sanda, da doguwar wuƙar manoman Jamus mai baki ɗaya, har lauje da magirbi suna cikin kundayen Mair.

To idan mutum ya sa sulke fa, takobi na cin sa?

Ba ya ci. Cikakken sulken farantan ƙarfe na ƙarni na 15 yana da nauyin kilo 20 zuwa 25, a rarrabe a jiki duka, mai shi yana gudu, yana hawa doki da kansa, in ya faɗi yana tashi. Sara a kansa ɓata ƙarfi ne. Saboda haka littattafan suka ware masa babi daban. Ana kama tsakiyar ruwan takobi da hannun hagu, ya koma kamar gajeren mashi, a nemi kafofin da ƙarfe bai rufe ba: hammata, tafin hannu, bayan gwiwa, ramin ido. Wani lokaci ma a juya takobin gaba ɗaya, a riƙe ruwan da hannu biyu a yi duka da mariƙin kamar guduma. Ƙarshen irin wannan faɗa galibi kokawa ce da wuƙa a ƙasa.

Na ga bidiyon wasu cikin sulke suna jibgar juna da gatura. Ku ne?

Ba mu ba ne, maƙwabtanmu ne. Wannan shi ake kira buhurt. Ana karawa biyar da biyar ko fiye, da makamai marasa kaifi, an hana suka, wanda ya kai ƙasa ya fita. Babbar gasarsu ta da, wadda ake kira Battle of the Nations, ta fara ne a 2010 a Khotyn ta ƙasar Yukren. Jarumai ne, ina girmama su, amma su ƙarfi da juriya suka sa a gaba, mu kuma littafi.

Akwai gasa?

Akwai, da yawa. Wadda ta fi suna a Turai a shekarun baya ita ce Swordfish a birnin Gothenburg na Suwidin. Alƙalai suna tsayawa a gefen fili suna lura da inda sara ya sauka, kai da ƙirji sun fi hannu da ƙafa maki a yawancin dokoki.

Ina da ƙorafi a kan gasa, kuma ba na ɓoye shi. Idan mutum ya san takobin ba zai kashe shi ba, sai ya riƙa afkawa ido rufe, ya sari abokin karo shi ma a sare shi a lokaci ɗaya. Da takobin gaske ne, gawa biyu za a ɗauka. Masu shirya gasa suna ta sauya dokoki don hukunta wannan, amma son maki yana rinjayar mutane. Fiore ya rubuta cewa sau biyar ya kara da wasu malaman takobi da kaifi, babu sulke, daga shi sai riga mai kauri da safar fata, kuma ya fita ba rauni. Ya ce gara masa ya kara sau uku cikin sulke da ya kara sau ɗaya a haka. Mutumin da ya san wannan tsoro ne ya rubuta littafin, don haka duk dabarar da ke ciki tana farawa ne da kare kai. Gasa tana da amfani, tana nuna maka abin da jikinka yake yi idan zuciya na bugawa. Amma lambar yabo ba ita ce shaidar mutum ya fahimci fannin ba.

Mata suna yi? Wanda ya manyanta fa?

Suna yi. A shafukan ƙarshe na I.33 ma mace ce riƙe da takobi, an rubuta sunanta Walpurgis. A zaurenmu akwai wata malamar asibiti da ba ta kai kafaɗata ba, amma tazararta da saurin hannunta sun sa ban cika taɓa ta ba. Akwai kuma waɗanda suka fara bayan sun haura hamsin. Mai ciwon gwiwa ko baya ko zuciya ya fara ganin likita.

Zai taimake ni in kare kaina a titi?

Kada ka shiga don wannan. Ba ka yawo da takobi, kuma abin da wasan wuƙa ya koya mini shi ne duk wanda ya zare maka wuƙa, in da hanyar gudu ka gudu.

Addini bai hana ba?

Na yi wa kaina wannan tambayar tun da wuri. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, har ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa. Ya kuma tabbata cewa ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma ce a nisanci dukan fuska. Na ɗauki hulata da takobina na kai wa limamin masallacinmu, ya juya su a hannunsa, muka zauna muka tattauna. Kai ma ka yi haka da malamin da ka amince da shi, ka nuna masa kayan da idonsa, kada ka tsaya a kwatance. Ta fuskar mu'amala kuwa ban taɓa samun matsala ba. Lokacin sanyi magariba takan riske ni a zauren, sai in shimfiɗa darduma a ɗakin canza kaya, in idar in dawo layi.

Mu ma ai muna da takobi da sulke. Me ya kai ka na Turawa?

Wannan tambayar tana taɓa ni, domin gaskiya ce. Duk wanda ya ga hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke da kwalkwali. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma ana lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410. Ka duba shekarun nan da kyau, lokacin da Fiore yake rubuta littafinsa ke nan. Rigar da nake sawa a atisaye ma dabararta ɗaya da lifidi, ƙyalle ne aka cusa wa abu mai laushi aka ɗinke. Har ila yau, takubba da yawa na Hausawa da Buzaye, da na Sudan da Chadi, ruwansu daga Turai aka kawo ta Sahara, musamman daga Solingen ta Jamus, maƙeranmu suka yi musu mariƙi da kube irin namu, wasu kuma suka ƙera nasu suna kwaikwayon tambarin.

Abin da ya kai ni na Turawa shi ne a nan nake zaune, kuma su an rubuta nasu dalla-dalla. Larabawa ma sun rubuta, akwai littattafan furusiyya na zamanin Mamluk a Masar masu bayanin mashi da takobi da harbi a kan doki. Namu a jikin mutane yake: a hannun dattawan fada, da mahaya, da maharba, da tsofaffin maƙera. Yanzu akwai masu bincike a kan dabarun faɗan Afirka na da, da irin wannan salo namu. Duk zuwana gida nakan nemi wani tsoho a dangin mahaifiyata wanda ya yi hawa shekaru da yawa, in sa shi ya nuna mini yadda ake rataya takobi da hamila, da yadda ake zare shi linzami na hannun hagu. Ina ɗauka a waya, da izininsa. Mai irin wannan dattijo a gida ya yi haka tun yana da rai.

Babu ƙungiya a garinmu. Ta ina zan fara?

Ka nemi aboki ɗaya mai hankali, ba mai son nuna ƙarfi ba. Ku samo sanduna biyu masu santsi, tsawon daga ƙasa zuwa hammata. Ku zaɓi malami ɗaya ku tsaya a kansa. Meyer ya fi sauƙi ga mai farawa domin ya yi bayani filla-filla, kuma akwai ƙungiyoyi da yawa da suke sa darussansu a YouTube. Ku yi taku da tsayuwa da sara a iska, sannan ku gwada dabarun da juna a hankali ƙwarai, kamar masu tafiya cikin ruwa. Muddin babu hula da safar hannu, babu karo da gudu, babu kai sanda kusa da fuska. Ido ɗaya ba ya dawowa.

Sai batun hukuma. A Jamus sai ka kai shekara 18 kafin ka mallaki takobi mai kaifi, kuma ba a yawo da shi sai a cikin abin da aka kulle. A gida kuwa kowa ya san yadda matsalar 'yan daba ta sa jami'an tsaro ba sa wasa da duk wanda aka gani da makami. Ku yi atisayenku a cikin gida ko filin da aka kewaye, ku sanar da mai unguwa abin da kuke yi, kada ku bi titi da ko da sanda ce a hannu cikin gungu. Kafin ka yi odar takobin ƙarfe daga waje, ka je ka tambayi jami'an kwastan da 'yan sanda.

In na samu takobin, yaya zan kula da shi?

Ƙarfen takobi yana tsatsa da wuri, gumin hannu kaɗai ya isa. Bayan kowane atisaye ka goge shi da tsumma, ka shafa masa mai kaɗan, irin na keken ɗinki ya wadatar. Ka bi bakinsa da yatsa a hankali. Duk inda karo ya tayar da ƙaya, ka sa zarto ka goge, domin ita ce take yaga riga da fata. Ka duba mariƙi ko ya fara girgiɗi, ka kuma daidaita ruwan da idonka ka ga ko ya karkace. In ka ga tsaga ko da siririya ce kamar gashi, wannan takobin ya gama aiki, kada ka sake kara shi da kowa. Rigar da hular kuma ka fitar da su daga jaka da zarar ka isa gida, ka shanya su inda iska take.